Shagon da ya wanke min hotunan Karantina, ga yadda muka ƙare da su

Shekara biyu da wani abu hotunan nan suna kwance a wayata, ni kaɗai nake buɗewa da daddare in kalla in rufe. Duk ranar da na miƙa wa Inna wayar sai ta ɗan ƙura ido ta dawo min da ita tace ita wannan gilashin ba ta ganin komai a ciki, da ta taɓa sai hoton ya gudu, in dai da gaske nake in wanko mata a takarda ta riƙe da hannunta. Ina ta cewa to, to. Sai da mai sire, wato mai tsiren bakin layinmu, ya rasu a Bahra tsakanin Jidda da Makka, Allah ya jiƙansa, 'ya'yansa suka kira ni suna tambaya wai ance na ɗauki babansu a gaban tukubarsa kafin a rushe unguwarmu Karantina ta Jidda, don Allah ko yana nan, sannan jikina ya yi sanyi na tashi neman inda zan wanke.

Ga wanda bai san Jidda ba, Karantina tana kudu ne, kusa da tashar jiragen ruwa, maƙwabtanmu su Gulel da Petromin. Sunan ma daga wurin killace alhazai ya samo asali, inda a da ake tsare waɗanda suka sauka ta teku a duba lafiyarsu kafin su wuce Makka, kamar yadda Petromin ta ci sunan kamfanin man da matatarsa take wajen a da. Kakanmu da ƙafa ya zo, ta Chadi ya ratsa Sudan, yana tsayawa yana noma da dako yana tara guzuri har ya kai Sawakin ya hau jirgin ruwa, kuma irinsa suna da yawa a unguwar, shi yasa a da in ka shiga layinmu da safe Hausa za ka ji da Larabci a cakuɗe, ga Barebari ga Zabarmawa ga 'yan Chadi ga Yamalawa. Nan aka haifi Inna, nan aka haife ni. Rusau ya fara a Jidda a watan Oktoba na 2021, kafin azumin 2022 ya kama namu wajen ya zama fili, bayan sallah kuma aka ci gaba da su Bani Malik da Guwaiza da Kilo 14. Kalma ɗaya ake fesawa da jan fenti a bango, ikhla, wato a tashi, daga nan sai ka fara ƙirga kwanakin da suka rage kafin a yanke wuta.

A 'yan kwanakin nan na ɗauki hotuna sun haura 1,400. Ni ba mai hoto ba ne, waya ce kawai a hannuna, kuma ban tsaya neman kyau ba, abin da idona ya saba gani tun ina yaro shi na bi. Ƙofar gidanmu koriya ta ƙarfe da inda fentin ya goge daidai wajen da ake turawa da kafaɗa. Mukayyif ɗin taga, wato na'urar sanyaya ɗaki, yana ɗigar da ruwa cikin tsohon gwangwanin madara. Motar wayit, wato tankar ruwa, ta maƙale a kwana direba ya leƙo yana faɗa, yara sun ja tiyo zuwa tanki. Matan da ke shimfiɗa buhu da la'asar suna sayar da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da gyaɗa soyayya. Bagalar kan kwana, wato ɗan kantin kayan masarufi, da littafin bashinta a rataye da igiya. Tattabarun rufin maƙwabta, kyanwoyi kan juji, wayoyin wuta a harɗe sama kamar saƙar gizo. Daga baya kuma dabbab bayan dabbab, ƙananan motocin ɗaukar kaya, an ɗora katifu da firji da tukwane, kowa yana cewa a yafi juna.

Na fara da sutudiyon da ke kusa da inda muka koma a Harazat, to su aikinsu hoton igama, wato katin zama, da na fasfo ne, 4 a 6 da farin baya, minti biyar an miƙo maka. Na gwada hoto goma a can, da ƙaramin injin tebur suka buga, sama ta fito kamar an zuba shuɗin wanki, fuskokin mutanenmu kuma baƙi ƙirin ba ka gane hanci da ido. Wannan matsalar ta fatarmu duk wanda ya taɓa wanke hoto ya santa, in mai injin bai damu ba sai ya bar na'ura ta daidaita haske da farin bango, mutum ya koma inuwa. Kawuna ne yace in daina wahalar da kaina in je Balad, tsohon garin Jidda, akwai wani tsohon shago tsakanin Bab Sharif da Bab Makka, can aka wanke hotunan bikinsa. Ba zan sa sunan shagon a nan ba don dattijon da ke riƙe da shi ya roƙe ni kar in yi masa talla a intanet, yace aikin da ke hannunsa ya ishe shi, amma duk ɗan unguwa da ke so ya neme ni in kwatanta masa.

Shagon siriri ne, mutum uku in sun tsaya an cika. Kanta a gaba, firam-firam a bango har sama, can ciki injin wanki babba mai tsawo yana gurnani, da ɗan warin sinadari da ke bugun hanci da ka shigo. Wannan injin shi ne bambancin, ba tawada yake fesawa a kan takarda ba, haske yake bugawa a takardar hoto ta ainihi sannan ta bi ta cikin ruwan sinadari ta bushe ta faɗo da ɗuminta. Na yi sallama da Larabci, dattijon ya ɗago ya kalle ni ta saman tabarau yace, “Ɗan wane gida?” da Hausa. Ashe mutumin Mai Wurno ne ta Sudan, garin nan na bakin kogin Nilu da jama'ar Sarkin Musulmi Attahiru suka kafa bayan yaƙin Burmi na 1903. Hausarsa irin ta kakata ce, mai nauyi, a hankali. Daga ranar Baba nake ce masa, shi kuma ɗana.

Abu na farko da ya hana ni shi ne tura hotunan ta WhatsApp. Ni har na fara zaɓa zan tura wa lambar shagon yace a'a, WhatsApp matse hoto yake yi ya rage masa ƙarfi, a waya ba za ka lura ba amma a takarda sai ka ga bango ya dagule kamar an shafa da yatsa. Ko dai a tura a matsayin fayil ko a jona wayar da kwamfuta kai tsaye. Muka jona. Kuma nan na ga abin da ya sa nake rubuta wannan, don mutumin nan ya ja kujera ya zauna da ni kusan awa biyu muna bin hotunan ɗaya bayan ɗaya, ana shigowa neman hoton fasfo yaronsa yana sallamar su, shi ko bai ɗaga ba. Ni na zo da niyyar zaɓen masu kyau, waɗanda rana ta faɗi daidai, shi kuma sai ya dinga tsayar da ni a kan waɗanda na so in wuce. Akwai wani da ya ɗan karkace, ba komai a ciki sai dakalin ƙofar gidanmu da takalman 'yan makarantar allo a zube, na ce wannan a bar shi Baba, yace, “Ɗana, wa yake zama a dakalin nan?” Nace mahaifina ne kafin ya rasu, kullum bayan magariba. Yace to shi za a fara wankewa.

Ya kuma tsaya a kan hotunan matan da ke kasuwar la'asar. Ya tambaye ni sun san na ɗauka? Gaskiya wasu na tambaye su wasu kuma daga nesa na ɗauka cikin ruɗanin kwanakin. Yace duk wadda fuskarta ta fito ba da saninta ba shi ba zai wanke ba sai na je na nemi yardarta ko ta mutanen gidanta, don mutunci, kuma don dokar ƙasar nan ba ta wasa da wannan, dokar laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya da tarar da za ta iya kai riyal 500,000 ga wanda ya keta sirrin mutane da kyamarar waya. A lokacin na ɗan ji nauyi a raina don a cikinsu akwai hoton da nafi so duka, wata Hajiya tana auna daddawa tana dariya, bayanta jan rubutun nan a bango. Sai da Inna ta yi kwana uku tana kiran waya kafin aka gano ta koma wajen 'yarta a Makka, aka gaya mata, tace a wanke a kawo mata nata. Guda shida ba mu samu masu su ba, suna nan a waya ban wanke ba, kuma yanzu ina ganin daidai ya yi.

Batun takarda, ni mai sheƙi na so don ita na saba gani. Baba yace in yi tunanin raɓar Jidda, mai sheƙi in ta sha gumin iska tana manne wa ledar albam, ranar da ka zo cirewa sai fuska ta biyo leda, ga shatin yatsu kuma tunda hotunan hannu da yawa za su bi. Ya wanke min guda ɗaya a kowacce in gwada. Marar sheƙin ta fi kama ƙasa-ƙasan bangon unguwarmu, kuma Inna da idonta ya yi rauni ba ta fama da walƙiyar fitila a kai. Fatar mutane kuwa da hannu yake gyarawa a kwamfuta, hoto bayan hoto, yana ɗaga hasken fuska ba tare da ya ƙone farar jallabiya ba. Hoton marigayi mai sire da daddare na ɗauka, ƙwan fitila ɗaya ne a kansa ga hayaƙi, na ɗauka ba zai yi ba. Da ya faɗo daga injin na ga har yajin da ke gefen faranti da tabon ƙuna a bayan hannunsa. Sire dai tsirenmu ne na gida, sunan ne ya lanƙwashe a bakin mutanen Hijaz, kuma mutumin nan shekarun da ya yi yana gasa shi a wannan kwanar sun fi shekaruna.

Kuɗi ba laifi. Ƙaramin hoto 10 a 15 riyal 1 ya yi min tunda da yawa ne, na wanke 320. Manya 20 a 30 guda takwas, riyal 10 kowanne. Albam biyu masu bangon fata riyal 45 kowanne. Harajin kashi 15 yana cikin lissafin da ya rubuta min tun farko, ba a zo ƙarshe an ƙara komai ba, kuma ana karɓar katin banki na mada. Zaman awa biyun da gyaran fuskokin bai caje ni ko halala ba.

Yanzu inda suka ɓata min rai, don ba zan ɓoye ba. Ranar da aka ce in zo ban samu aikin ba, an ce sinadari ya ƙare ana jiran a kawo, kuma ba wanda ya kira ni, daga Harazat na taso na sha cunkoso na yi ta zagaye ina neman inda zan ajiye mota, duk wanda ya san Balad da yamma ya san wannan wahalar. Na koma bayan kwana huɗu. Da na buɗe ambulan a mota sai na ga kusan hoto 40 an yanke musu kai, hasumiyar masallacinmu ta tafi, tattabarun rufi sun tafi, wani hoton ma kan yayana ne rabi. Dalilin shi ne hoton waya ya fi takardar 10 a 15 faɗi ta gajeren gefe, waya 4 da 3 take ɗauka takarda kuma 3 da 2 ce, in aka ce injin ya cika takarda dole ya datse sama da ƙasa in hoton a kwance yake. Baba ya faɗa min wannan tun ranar farko har muka yi magana a bar farin gefe, amma ranar wankin ba ya nan ya je asibiti, yaron ya saka wani kashi a yadda injin ya saba. Na koma ciki raina a ɓace. Baba bai yi musu ba, bai kuma ci mutuncin yaron a gabana ba, ya ce laifinsa ne da bai rubuta a jikin ambulan ba, in zauna in sha shayi. Cikin minti arba'in aka sake su duka kyauta, ya ce in tafi da yankakkun ma in ba yara. Duk da haka tafiyar banzar nan ta farko ta yi min ciwo, kira ɗaya ya isa ya hana ta. Sannan shagon ba shi da ɓangaren mata, ƙanwata ta so a wanke hotunan walimar bankwana da matan layinmu suka yi a tsakar gida, dole ta kai wani wajen da mata ke aiki. Albam ɗin ma ledarsa siririya ce, shafi biyu sun fara tsagewa a baki cikin wata ɗaya, in zan sake zan sayi albam a wani wuri in kawo.

Farin gefen nan da aka bari shi ya zama abin da ya fi komai amfani. Baba ne yace a bar shi da ɗan faɗi a ƙasa, ya ba ni wani siririn alƙalami da ba ya jiƙa takarda yace duk hoto a rubuta wane wuri ne, gidan wa ne, don nan da shekara ashirin yaran da aka haifa a Harazat ba za su san ƙofar wa suke kallo ba. Ni ban ma san sunayen rabin gidajen ba, na san na abokaina kawai. Inna ce ta sani. Dare biyar muka yi, ita tana riƙe da hoto dab da fuska ni ina rubutu, tana cewa nan gidan masu ɗinkin hula ne, kakarsu da kakarka jirgi ɗaya suka hau, nan kuma da rijiya ce kafin a gina, nan aka yi min lalle. Wani hoton sai ta yi shiru ta kife shi a cinya tace a wuce. Abubuwan da na ji a dararen nan biyar ban taɓa jin su ba duk zamana da ita.

Akwai kuma aiki ɗaya da na kai masa daga baya. Hoton kakanmu guda ɗaya tak muke da shi, baƙi da fari, yana tsaye da rawani. Yana gidan gwaggona a Guwaiza lokacin ambaliyar Nuwamba 2009, wadda ta ci rayuka sama da 100, ruwa ya shiga akwatin, gefen hagu ya narke ya manne da wata takarda. Baba ya duba yace kar in yarda kowa ya ɓanɓare, ya ɗauke shi da na'urar sikana yadda yake, ya share tabon ruwan a kwamfuta. Kafaɗar da ta narke ya tambaye ni ko ya cike ta, yace zai iya amma zai zama zanensa ne ba kakana ba. Na kira Inna tace a bar shi yadda Allah ya bar shi. Riyal 30 ya karɓa, ya wanke min kwafi biyar, asalin kuma ya sa min a ambulan ɗin takarda yace kar ya ƙara kwana a leda.

Ranar da zan karɓi na ƙarshe na tarar ya ware hoto ɗaya a gefe, na layinmu da asuba ba kowa sai wani tsoho da buta yana nufar masallaci, ya tambaye ni ko na yarda ya wanke wa kansa ɗaya. Ashe shekarunsa na farko a Jidda a Gulel ya yi su, ɗakin haya da mutum shida, kuma bai samu ya je ya ɗauki komai ba kafin katafila ta shiga, kullum yana shago yana wanke na mutane. Nace Baba ai ba sai ka tambaya ba. Yanzu yana rataye a bayan kantarsa.

In za ku je, ku je bayan la'asar don da rana a rufe yake, ku tafi da wayar kanta da igiyar cajinta, ku sa a rubuta a jikin ambulan cewa a bar farin gefe, kuma ku kira kafin ku taso karɓa. Ku zaɓi marar sheƙi.

Na 'ya'yan mai sire na kai musu Bahra da kaina ranar Juma'a, babba 20 a 30 a firam da ƙanana huɗu. Babban ɗan ya karɓa ya shiga da shi ciki wajen mahaifiyarsu, na zauna a majalisa ni kaɗai na ɗan lokaci ina jiyo su ta bango. Sauran na raba su a ambulan-ambulan da sunan gida a baya, wasu sun tafi Khumra, wasu Makka, ambulan uku na ba wani alhaji da zai koma Kano, ɗaya kuma tana jiran wanda zai je Damagaram. Albam ɗaya yana wajen yayana. Ɗayan yana ƙarƙashin matashin Inna, hoton dakalin ne kawai ta cire ta jingina a jikin rediyonta.